Gartufar da Ke Aljihun Ashafa

Lahadi, 18 ga Fabrairu, 2001

Ashafa ya rasu. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zuciyata za ta yarda. Ƙanena, wanda na goya a bayana, ya taso daga Tasawa zai zo wurina nan Sabha, ya mutu a hanya tsakanin Gat da Ubari.

Direban da ya ɗauko su ne ya kawo labarin da hantsi, ina tsakar kwasar tuwon leburori. Barka sunansa. Dogo, rawani har hanci, ya tsaya a bakin rumfata da rigar sanyin Ashafa naɗe a hammata kamar ya kawo wanki. Na gane rigar tun bai buɗe baki ba, ni na aika masa da ita bara.

Ban bari ya gama ba. Na fizge rigar na shige ɗaki. Nouhou ne ya tsaya sauraronsa. Mijina kenan, ko kaza ba ya iya kora. A takarda dai ina iya kiran sunansa.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Ga abin da mutumin ya gaya wa Nouhou. Wai tun daga garin Janet ciki ya kama Ashafa, amai da zawo. Wai da ya ga jikin ya yi tsanani sai ya juye sauran fasinja a motar abokinsa, shi kuma ya bar hanya ya shiga da shi wani kwari mai duwatsu, inda akwai inuwa da ragowar ruwan saman da aka yi. Wai ya kwana yana jinyarsa. Wai da ya cika, shi da wani makiyayi suka yi masa wanka da salla suka rufe shi, suka jera duwatsu a kai.

Wai, wai, wai. Labarin ya yi kyau da yawa. Na daɗe a unguwar nan ta Manshiya, na ciyar da direbobin hanyar nan har na gaji, na san su kamar tafin hannuna. Tun rikicin bara da aka yi ta farautar baƙar fata a garuruwan bakin teku, babu direban da ke son ya iso bawwaba, shingen binciken kan hanya, da mara lafiya a mota, don 'yan sandan shingen sai su tsare motar da kowa da kowa. Shi ne wannan zai bar fasinjansa ya kwana jinyar ɗan wani? Nouhou ya ce in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, shi ya sa ban bi mutumin da muciya ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Wani yaro ɗan Mayahi, Alasan, ya zo cin tuwo. Ashe motarsu ɗaya da Ashafa. Na zaunar da shi na ƙara masa miya.

Ya ce, "Yaya, ni dai abin da na gani shi zan hwaɗa. An sauke shi an shimfiɗe bisa yashi gefen mota. Babu kwari, babu dutse, yashi ne iyakar ganinka."

Na ce yana da rai lokacin? Ya ce yana da rai, har yana kiran ruwa.

Ban yi kuka ba. Na gama sallamar mutane, na wanke tukwane, na ƙara wanke su. Na tsani Barka. Ban taɓa tsanar ɗan Adam haka ba, kuma ba na jin kunyar rubutawa.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Mun samu Kawu a tarho, yana ta ihu ta cikin ƙarar layi. Ya ce Inna ba ta ci, ba ta tambayi ciwon ba, ba ta tambayi kayansa ba. Abu ɗaya take maimaitawa: an yi masa sutura? An rufe shi? Ya ce ba za ta yarda da bakin kowa ba sai nawa, in yi mata kaset in ba mutumin Maraɗi da ke kai saƙo gida, zai tashi bayan Sallar Layya.

Inna ta san ban taɓa yi mata ƙarya ba. Abin da na faɗa a kaset ɗin nan shi za ta riƙe har ta mutu.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Na ɗauko rigar zan wanke, sai na ji abu yana ƙaras-ƙaras a aljihun ciki. Busassun furanni ne, cikin tafin hannu guda. Kowane kai ɗan dunƙule ne ruwan ɗorawa, kamar maɓallin rigar jariri, babu kunnuwa a gefe irin na sauran fure. Ganyen duk ya murmushe ya koma kalar jaki. Ƙamshi kuwa har yanzu, mai shiga hanci.

Ashafa da fure? Yaron da in ka aike shi tsinko zogale sai ya kawo maka ganyen bedi.

Na san yadda aka yi. Yana kwance shi kaɗai a yashi, mota ta tafi, ƙishi ya ishe shi, ya miƙa hannu ya tumɓuke abin da ke kusa ya tsotsa, sauran ya cusa a aljihu don anjima. Duk inda na juya haka nake ganinsa.

Ban wanke rigar ba. Na juye furen a gwangwanin madara na rufe.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

An kai ni gonakin Tamanhint da kulolin abinci, ma'aikatan gona suna girbin ciyawa. Ina sauka daga mota sai ga su. A gefen gonar, inda ruwan famfo ya ƙare yashi ya fara, furannin nan ne zube, rawaya shar, maɓalli maɓalli. Na durƙusa na tumɓuke, saiwar ta fito da yashi tsantsa.

Na tambayi wani dattijo ɗan Damagaram da ya daɗe a gonar. Ya ce gartufa Larabawa ke ce mata, in an yi ruwan hunturu take fitowa, kuma a yashi take fitowa.

A yashi. Na sa ya sake faɗa. Na cika ɗankwalina da ita, duk hanyar dawowa ina rungume da ita kamar na tsinci zinariya.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Na je gareji inda direbobin Gat ke zama. Barka yana durƙushe yana ɗaure taya, 'yan ƙasarmu masu jiran mota sun kewaye wurin. Daidai yadda nake so.

Na watsa masa ɗanyen furen a fuska. Na ce ga shaidarka, a aljihun ƙanena na samu irinta, kuma a yashi take tsirowa, ba a kwarinka na ƙarya ba. Na kira shi abin da na kira shi. Ba zan rubuta ba, amma ban janye ko ɗaya ba.

Bai tashi ba. Ya ɗauki guda daga kan gwiwarsa ya shinshina, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Hajja, wannan ba shi ba ne. Wannan na raƙumi."

Na raƙumi. Ƙanena ne raƙumin? Sai da mutum biyu suka riƙe ni.

Da yamma Nouhou ya ce waɗanda za su bi motarsa sun sauke kayansu sun koma wata. Ya faɗa yana kallona kamar zan ji nauyi. Na ci tuwo na ƙara.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Tsohuwar nan Safia mai sai da turare da itatuwa a bakin kasuwa ta tare ni. Ba ma shiri. Ita ce ta taɓa cewa tuwona zai yi kyau a gini. 'Yar Gat ce, irinsu ɗaya da Barka, don haka na san inda za ta dosa.

Ta ce, "Ke, mai tuwo. Zo. Ido naka babba, gani kaɗan." Ko namiji da mace ba ta bambancewa a magana, amma ni za ta koya wa gani.

Na zo ne don kada a ce na gudu. Ta ciro ƙulli biyu daga buhu ta shimfiɗa a tabarma. Duka biyun kai ɗaya, maɓallin nan rawaya. Na ce to, sai me? Ta kama wuyan hannuna da ƙarfi ta ɗora yatsana a ta farko. Jikinta fari-fari, lulluɓe da gashi mai laushi kamar auduga, ganyen mai kauri, bakinsa ya rabu kamar yatsu uku. Irin wadda na watsa wa Barka kenan. Ta ce wannan fara, ta yashi, raƙumi ke ci, mutum ma yana sha amma ɗaci kawai.

Ta biyun koriya ce sosai, siririya, ganyen a tsattsage kamar mataji, gashin jikinta jefi-jefi. Ta nuna mini saiwar, laka ce busasshiya da 'yar tsakuwa maƙale. Ta ce koriya ba ta zama a yashi tsantsa, sai cikin kwari inda ruwa ya kwanta. Ita suke sawa a shayi da man shanu, ita suke dafa wa mai ciwon ciki.

Na ce tawa ta bushe, babu fari babu kore.

Ta ce, "Bushe duka kalar jaki. Tauna. Fara, ɗaci kawai, halas. Koriya ya kama harshe, tururuwa ya yi tafiya a baki. Mu ya sa a haƙori mai ciwo."

Na ce ba zan tauna abin da ya fito daga aljihun mamaci ba. Ta ce to in ci gaba da zagin mutane da furen aro. Na ce ta ci gaba da kare 'yan uwanta masu yar da mutane a daji. Muka rabu kowa na tsaki.

Alhamis, 1 ga Maris

Ƙarya take. Duk bakinsu ɗaya.

Juma'a, 2 ga Maris

Rediyo tun safe ba ta da magana sai taron shugabanni a Sirt, wai Afirka ta zama ɗaya, babu iyaka babu bare. Leburori suna ci suna dariya. Wani ya ce to a je a gaya wa na bawwaba. Na kashe rediyon.

Da rana ta take, babu kowa, na ɗauko gwangwanin. Ba don maganar tsohuwar ba, don in tabbatar da tawa. Na zaɓi ɗan ganye guda da bai gama murmushewa ba na jiƙa a faranti. Ya sha ruwa ya soma buɗewa a hankali.

Ban tsaya duba shi sosai ba. Ganye guda ba shaida ba ne, kuma ruwa na iya wanke gashin. Na zubar a kwata.

Siriri ne dai.

Asabar, 3 ga Maris

Alasan ya dawo. Ya saba da ƙarin miya. Na tambaye shi, da idonka ka ga motar Barka ta tashi ta bar shi?

Ya yi ta juya loma. Ya ce, "Yaya, ai mu munka hwara tashi. Na dai gan shi kwance bisa yashi, sannan motarmu ta tahi."

Na ce me ya sa ba ka faɗa haka ba tun farko? Ya ce ban tambaya ba. Na ɗauke kwanon daga gabansa tuwon bai ƙare ba. Yaro sakarai, ya ga rabin abu ya zo yana cin miyata a kai. Amma wannan bai wanke Barka ba. Don sun riga shi tashi ba shi ke nuna bai bi bayansu ba.

Da la'asar na sa kaset a rakoda. Na yi sallama, na gaida Inna, na gaida Kawu da yara. Na ce, Inna, maganar Ashafa. Sai na tsaya. Faifan yana ta juyawa yana naɗar kukan awakin maƙwabta. Kalmar tana bakina, sun yar da shi, amma na ga Inna zaune a kan tabarmarta ta kara kunne, na kasa. Na mayar da faifan baya.

Nouhou yana ƙofa ashe. Ya ce, "Rabi, ke wa kike so shi yi gaskiya? In ke ce mai gaskiya, ɗan uwanki na can bisa yashi ba rufi."

Na ce ya fita mini daga ɗaki. Ya fita. Da ma ya tsaya mun yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 4 ga Maris

Aikin Salla. Daka, wanki, sayen gawayi. Na bi ta bayan kasuwa don kada in ga tsohuwar.

Litinin, 5 ga Maris, Sallar Layya

Bara war haka na aika wa Ashafa da rigar, ya aiko a ce mini ta yi masa yawa amma zai cika ta in ya zo ya ci tuwona.

Muna tsakar suyar nama sai ga Safia da sandarta, ko sallama babu. Ta dire ƙullin koriyar nan a kan teburina, kusa da tukunya. Ta ce, "Barka da Salla ba. Wannan don baki naka." Ta juya. Na ce ta ɗauki tsiyarta. Ko waiwaye.

Na so in jefa a wuta. Da mutane suka watse na tsinki kan fara guda, cikin ragowar ta Tamanhint, na tauna. Ɗaci da ƙamshi, shi kenan, na tofar. Na kurkure baki. Na tsinki koriyar na tauna. Da farko babu komai, har na fara murna. Sai gefen harshena ya ɗauki zir-zir, yawu ya cika bakina, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

To, a nan dai ba ta yi ƙarya ba. A nan kawai.

Talata, 6 ga Maris

Na tauna ta Ashafa.

Bayan sallar azahar ne, na rufe ƙofa. Na buɗe gwangwanin na ɗauki kai guda. Na daɗe riƙe da shi. Na yi bismilla, na ce Ashafa ka yafe mini, na sa a baki. Ƙura-ƙura, da ɗan warin rigarsa. Na jira. Ina roƙon Allah, kuma wallahi ban san me nake roƙo ba.

Sai tururuwar ta taso.

Na zauna a ƙasa, baki cike da yawu, harshe a mace. Yaron da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa bai kai kansa kwari ba. Wani ya ɗauke shi ya kai shi. Kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo rigar, yau na yi shi, har maƙwabciya ta buga bango.

Haushi kuma bai tafi ba. Ina jin haushin tsohuwar, ina jin haushin Alasan, ina jin haushin furen da ya yi kama da ɗan uwansa har haka. Barka ma ina jin haushinsa. Me ya hana shi buɗe baki ya yi magana kamar mutum, sai wani na raƙumi?

Laraba, 7 ga Maris

Ban aika a kira Barka ba. Na dai ce wa Nouhou in ya bi ta gareji, akwai tambayar da Inna za ta so a yi. Ya zo bayan la'asar ya tsaya nesa da rumfa, inda ruwan wanke-wanke ba zai kai shi ba. Ya san ni yanzu.

Ina cikin ɗaki, labule a tsakaninmu. Na ce me ka ba shi a kwarin?

Ya ce shayi da gartufa, ita ke nan a wurin, ya tsinko a bakin ruwa. Ya ce amai ya tsaya kaɗan, har ya yi magana.

Na ce me ya ce?

Ya gyara murya. Sannan ya ce, "Shi ya ce shayi nan daɗi, ya kama baki. Ya ce, sa mini a aljihu, Yaya nawa mai dafa abinci ne a Sabha, ni kai mata. Ni ya sa."

Na riƙe labulen da hannu biyu. Na tambaye shi wanka, ya ce an yi. Salla, ya ce shi da makiyayin, su biyu. Likkafani fa? Ya ce babu farin yadi a daji, ya kwance rawaninsa na ajiya, fari ne, sabo. Fuska gabas? Ya ce, "Hajja, ni Musulmi."

Ya ce in ina so, in zafi bai shigo ba, zai kai ni in ga duwatsun. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ya yi wa Nouhou sallama ya tafi.

Alhamis, 8 ga Maris

Na yi kaset ɗin, ɗauka ɗaya. Na ce Inna an yi masa wanka, an yi masa salla, an rufe shi da farin rawani a cikin kwari mai inuwa, fuskarsa gabas, an jera duwatsu. Na ce bai mutu shi kaɗai ba. Na ce ya sha shayi. Sunan direban ya fita daga bakina ban shirya ba, ban kuma goge ba, don batir ya yi sanyi.

Mutumin Maraɗi ya karɓa. Na ƙulla wa Inna rabin furen a ƙyalle na haɗa.

Asabar, 10 ga Maris

Garejin nan ta hanyar mai gawayi yake, ba wai na je musamman ba. Masu jiran mota suna zaune, wasu cikinsu suna nan ranar da na je. Na tsaya na ce wa wani ɗan Tawa, da ƙarfi yadda na baya za su ji, gartufa iri biyu ce, mutum ya riƙa dubawa kafin ya yi magana. Ya kalle ni bai gane ba. Waɗanda suka gane sun gane.

Tuwo ya yi saura yau, ban san yadda aka yi na zuba gari da yawa ba. Zubarwa haramun ne, sai na ba Nouhou kula biyu. Ɗaya gareji, ɗaya bakin kasuwa wurin Safia. In ta ce zai yi kyau a gini, ta dawo mini da kulata.

Na wanke rigar. Na dafa shayi da yamma na sa kai ɗaya daga gwangwanin, ɗaya tak, sauran sai ya daɗe. Ya kama baki. Ka yi gaskiya, Ashafa, akwai daɗi. Saƙonka ya iso.